Goɗiyar da Ba Ta Gumi

Tun da na dawo daga Jidda ban huta da tambaya ba. In na shiga ɗakin malamai, Malama Asabe ta tare ni: "Hajiyar dawaki, yaya Larabawa?" In na je suna ko biki, a ja ni gefe, wai da gaske ne dokin can a ƙarƙashin fanka yake kwana? Wasu ma cewa suke na yi fari, alhali ni na san rama na yi. Kullum sai in ce lafiya lau, in miƙa dabino a rufe maganar. To dabinon ya ƙare, tambayar ba ta ƙare ba. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Duk wadda ta sake tambayata in miƙa mata takarda ta karanta, ta bar ni in ji da abin da ke damuna.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Hajara, malamar motsa jiki ce ni a wata makarantar 'yan mata a Gumel. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin dawaki ne a kasuwar Maigatari. Bai samu ɗa namiji da wuri ba, sai ya ɗora ni a kan sirdi tun ina shekara bakwai. Mutane suka yi ta surutu, ya toshe kunnensa. A hannunsa na koyi duba haƙori da kofato, da haɗa dusa da kanwa, da ɗaure majayi. Kuma akwai abu biyu da ya dasa mini a ka. Na farko, dokin da ya dawo kilisa jikinsa a bushe, shi ne mai ƙarfi, shi ake saye. Na biyu, kada a kuskura a zuba wa doki ruwa yana cikin zafin gudu, sanyi zai shige shi ya karya shi. A zaga da shi a hankali, ya yi birgima, ya huce, sannan a wanke. Sau ɗaya na karya wannan doka ina ƙarama, kuma har yau ban manta marin ba.

Wadda ta ja ni Jidda ita ce Inna Gambo, ƙanwar mahaifiyata. Ta tafi aikin Hajji ina goye, ba ta sake dawowa ba. Ita ke dafa abinci a gidan wata Balarabiya mai hali da ake kira Ummu Faisal. Mijin matar yana da bargar dawaki a bayan gari, ita kuma ta matsa masa sai ya bar ta ta buɗe ajin hutun makaranta, a koya wa 'yan mata hawa da kula da doki. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗi biyu: mace ce za ta koyar, kuma ranar da aka samu matsala ta farko, ranar zai rufe ƙofa. Aka rasa macen. Inna Gambo tana zuba shayi ta ji ana maganar, ta ce ai tana da 'ya a gida wadda ta fi maza sanin doki. Ita ma dai ba ta rage gishiri ba.

Na ɗauki hutun wata biyu, na kama hanya. Daga Gumel zuwa Kano taya ta fashe mana kusa da Gezawa, muka zauna a gindin darbejiya direba yana zagin mai faci. Wata tsohuwa a gefena ta tambaye ni ina za ni da wannan uban kaya, na ce Jidda, koyar da hawan doki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, 'yar nan," ta gyara zama ta matsa can. A jirgi ban iya cin komai ba. Na ƙanƙame hannun kujera ina ta salati, ni da nake sakin linzami a kan ingarma ina dariya.

A filin jirgin Jidda aka buɗe jakata. Cikin kayan akwai tsohuwar ragamar Baba, da ƙulli guda na kanwa ungurnu da na ɗauko wa dawakin, don ban yarda akwai ta kirki a can ba. Jami'in ya ɗaga dunƙulen fari, ya shinshina, ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Ni kuma Larabcina na sallah ne kawai. Na ce doki, doki, na yi alamar linzami da hannu, har haniniya na yi musu a gaban jama'a. Babu wanda ya yi dariya. Sai da wata mai shara, Bahaushiyar Damagaram, ta ajiye tsintsiya ta zo ta yi musu bayani. Suka riƙe kanwar, suka mayar mini da ragama. Matar ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Baiwar Allah, a nan ba a yawan bayani. Ki ce tayyib, wato to, ki wuce."

Da na fito waje sai na ji kamar an buɗe tukunyar dambu a fuskata. Mu a gida mun san zafi, amma namu busasshe ne, ka yi gumi iska ta ɗauke. Na can kuwa jiƙaƙƙe ne, daga teku yake tasowa. Gumi ya tsaya a jiki ya ƙi tafiya. Na wanke ɗankwali na shanya, washegari da ɗanshinsa. Na lura da wannan tun ranar farko, na yi ta mita a kai, amma ko sau ɗaya ban haɗa shi da doki ba.

Inna Gambo tana zaune a Sa'alaba, ɗaki biyu a saman wani tsohon bene mai tsattsagen bango. Unguwar kamar ka ɗauko wani lungu na Fagge ka dasa a ƙasar Larabawa. Ka ji Hausar Kano, ka ji ta Maraɗi da Faransancinta, ka ji ta mutanen Chadi. Mata na zaune a bakin hanya da gyaɗa da yaji da goro, ido ɗaya a kan ciniki, ɗaya a kan titi. Da zarar an ce ga motar masu duba takardu, kafin ƙiftawar ido titin ya zama wayam, sai takalma. Da safe ful da tamis, wato dafaffen wake da wani faffaɗan burodi mai zafi. Da rana shinkafa da kaza, kullum shinkafa da kaza, har na fara mafarkin fura. Ranar Juma'a kaɗai Inna take tuƙa tuwo da miyar kuka, maƙwabta su cika ɗakin, kowa yana ba da labarin garin da ya rabu da shi shekara ashirin.

A ɗakin nan na haɗu da Samira, jikar Inna Gambo. Shekararta goma sha huɗu, doguwa, siririya, ba ta da yawan magana. A Jidda aka haife ta, amma ba ta da iƙama, wato takardar zama. An kama mahaifiyarta an mayar da ita Najeriya shekara huɗu kafin zuwana, karatun yarinyar kuma ya tsaya a firamare don babu takardar ci gaba. Ba ta fita ko'ina. Tana jin Hausa tsaf, amma in za ta mayar sai Larabci ya riga ta. "Khala, yalla, mota ta zo," haka take ce mini; khala 'yar'uwar uwa ce, yalla kuma mu tafi. Inna ta roƙi Ummu Faisal a saka ta cikin ajin, aka saka ta, ita ce ta goma sha biyu.

Barga tana da nisa, tafiyar kusan awa guda a mota. Katanga ce doguwa, a ciki fili mai yashi da ɗakunan dawaki, kowane ɗaki da fankarsa. E, Malama Asabe, da gaske ne. Ba turke, ba dabaibayi, ba harawa. Wata ɗanyar ciyawa suke ci da ake kira barsim, da hatsi na cikin buhu mai rubutun Turanci. Abin da ya fi tsaya mini a rai, kowane doki yana da fasfo, da zanen kamanninsa da sunan uwa da uba. Samira ce take karanta mini su. Da ta gama na ƙarshe ta jera su a ma'ajinsu, ta ce, "Khala, kulluhum suna da shi," wato dukkansu, ta yi ɗan murmushi. 

Mai kula da bargar wani dattijo ne, Malam Abakar, mutumin Chadi, shekararsa fiye da ashirin a wurin. Tsarin wurin shi ne, kafin motar 'yan mata ta shigo, duk maza su fice bayan katanga, a kulle ƙofa, wata mata ta zauna da mabuɗi. Don haka ni da shi ba mu haɗuwa sai na ɗan lokaci kafin ajin ya fara. Ranar farko na tarar da shi da tiyo a hannu, yana kwarara ruwa a kan wata goɗiya da aka dawo da ita daga zagaye, jikinta na huci. Raina ya ɓaci nan take.

Na ce, "Haba Malam! Kashe ta za ka yi? Wa ke zuba wa doki ruwa da zafinsa?"

Ya ce, "Malama, nan ba gida ba ne. Zafin nan daban yake. Ita wannan kuma musamman…"

Na katse shi. Na ce a cikin dawaki na buɗe ido, ba a Jidda na fara ganinsu ba. Ya dube ni, ya kashe famfo, ya ce, "Tayyib." A raina na ce ragwanci ne kawai, ba ya son wahalar zagayawa da dabba. Ranar nan na je wurin Ummu Faisal na ce dawaki huɗun da aka ware wa ajin a bar su a hannuna a lokutan darasi, ni da yarana za mu yi musu komai, ba na son in zo in tarar an jiƙa su. Ta yarda, har ta yaba mini. Na fito kaina ya kumbura.

Goɗiyar sunanta Najma. Ja ce mai farin goshi, daga wata ƙasar Turai aka kawo ta, ta fara manyanta. Ban taɓa ganin dabba mai haƙurinta ba. Yarinya za ta ja linzami kamar tana jan guga, Najma ta tsaya ta jira ta gama haukanta.

Makon farko wahala na sha. 'Yan matan su shigo cikin baƙaƙen abaya, su tuɓe, sai ga wando da takalma da hular kwano, kowacce kamar a hoto. Suna kirana Abla, wato malama. Hawa suke so, amma da na miƙa musu shebur na nuna kashin doki, sai suka tsaya cirko-cirko. Wata mai suna Lujain ta yi magana tana toshe hanci, Samira ta fassara mini tana kallon ƙasa: wai wannan aikin 'yar aiki ne. Na ce ta gaya musu, wadda ba ta kwashe ba, ba za ta hau ba, ko 'yar waye. Lujain ta yi kuka, ta kira uwarta a waya, uwar ta kira Ummu Faisal. Na ce ko a yi yadda na ce, ko a mayar da ni filin jirgi. Washegari Lujain ta zo da safar hannu har gwiwar hannu, ta kwashe kashin tana hawaye. Bayan mako uku ita ce ke faɗa in wata ta bar ƙasa a kofato.

Ba zan ce ban ji daɗi ba. Na koya musu su matso ta kafaɗa ba ta baya ba, su yi wa doki magana kafin su taɓa shi, su goge jiki bin kwanciyar gashi, su zura yatsu biyu ƙarƙashin majayi su ji ko ya matse. Na koya musu zama a miƙe, diddige ƙasa a cikin likkafa. Su kuma suka koya mini yamin da yasar, dama da hagu, suna dariyar bakina. Ranar da wadda ta fi kowa tsoro ta yi sassarfa ta zagaye fili ita kaɗai, sauran suka ɗauki guɗa irin tasu, mai mabuɗi ta taso da gudu tana cewa a rage murya kada maza su ji.

Samira kuwa daban ce. Wasu a koya musu, wasu a tuna musu kawai. Hannunta mai laushi ne a kan linzami, ba ta fizga. Yarinyar da ba ta haɗa jimla uku a gida, sai ga ta tana hira da Najma da Larabci tun daga geza har wutsiya. Ummu Faisal ta gani da idonta. A mako na biyar ta kira ni da Inna Gambo, ta ce in aka gama wata biyun nan lafiya, mijinta ya yarda ajin ya zama na duk shekara. Za ta ɗauki Samira ta zama mataimakiyata, maigidan ya tsaya mata a matsayin kafili, a nema mata takarda. Inna ta durƙusa a kan kafet tana kuka. A mota muna komawa Samira ta tambaye ni, wai mai iƙama tana iya zuwa Najeriya ta ga uwarta ta dawo? Na ce ƙwarai kuwa. Saura mako uku kawai.

Duk wannan lokacin ina lura da wani abu, kuma yabonsa nake yi. Sauran dawakin uku, zagaye biyu sun jiƙe sharkaf, kumfa a wuya. Najma kuwa a sauke sirdi a ga bayanta a bushe ƙamas. Nakan tara yaran in ce su shafa su ji, wannan ita ce goɗiyar da Babana zai saya ko nawa aka ce. Sau biyu Samira ta ce mini, "Khala, Ammu Abakar ya ce a sa mata moya." Ammu shi ne kawu a bakinsu, moya kuma ruwa. Ashe yakan tsaya a bakin ƙofa in za mu shiga, ya gaya wa yarinyar, tunda ni na hana shi magana. Na ce ta ce masa na ji.

Ranar Talata ta mako na shida, iska ta tsaya cik. Tun da muka sauka daga mota bayan la'asar rigata ta manne a bayana. Doki ɗaya yana ɗingishi, na ajiye shi. Sauran biyun, ban da Najma, suka yi rukuni ɗaya suka jiƙe, na tausaya musu. Na shafa Najma na ji ta a bushe, na ce ai wannan ba ta ma fara ba. Na ɗora mata rukuni na biyu. Na ɗora mata na uku.

Samira ce a kanta a zagayen ƙarshe. Ban ce ta sauka ba, na ga ta dire da kanta. Goɗiyar ta tsaya ta ware ƙafafu, hancinta a buɗe, haƙarƙarinta na sama da ƙasa kamar zugazugin maƙeri. Na taɓa wuyanta, zafi kamar bangon murhu, amma ko ɗigon gumi babu. Kafin in juya Samira ta ruga ta buɗe famfo, ta jawo tiyo, ruwa na zuba a yashi.

Duk makonnin nan, in zan yi mata magana a gaban ƙawayenta, nakan lallaɓa da ɗan guntun Larabcina don kada su ga bambanci. Ranar nan Hausa ce ta fito, irin ta cikin gida.

"Ke! Ajiye tiyon nan kafin in saɓa miki! Uban wa ya koya miki doki, ni ko ke?"

Ta tsaya. Tiyon yana hannunta, bakinsa bai fi taku biyu da ƙirjin Najma ba. Ta ce, "Khala, Ammu Abakar…"

"Na ce ki ajiye!"

Ta ajiye. Ta je ta kashe famfon ma.

Na cire sirdi, na sa wa goɗiyar ragamar Baba, na fara zagayawa da ita a hankali yadda aka koya mini, ina jiran ta huce. Ta biyo ni, baiwar Allah, don ba ta taɓa ƙin bin kowa ba. Zagaye ɗaya, biyu. A na uku ƙafafunta na baya suka harɗe, ta yi tangaɗi, ta zube a gefenta. Yara suka fasa ihu.

Na ce a kira Malam Abakar. Mai mabuɗi ta ce ba ta buɗewa sai kowace yarinya ta sa abaya. Wayyo, ban taɓa ganin abu mai tsawo kamar sa abayar nan ba. Wata ta rasa tata, wata ta sa ta wata, ni ina durƙushe a yashi da kan goɗiya a cinyata. Da aka buɗe, dattijon nan ya shigo da gudu, bai ko dube ni ba. Ya fizgi tiyon da na sa aka ajiye, ya sakar mata ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi, yana kiran a kawo ƙanƙara. Likitan dabbobi, wani Bamisire, ya iso ya ɗaura mata ruwa a jijiya. Ta ɗaga kai sau ɗaya. Ana kiran magariba ta cika.

Likitan ya yi bayani, Malam Abakar ya mayar mini da Hausa, muryarsa ba faɗa ba zargi, wanda ya fi mini zafi. Dokin da aka kawo daga ƙasar sanyi, in ya daɗe a ɗanshin Jidda, wani lokaci guminsa kan kafe gaba ɗaya. Zafin sai ya taru a ciki ba mafita. Irin wannan ba ƙarfi ba ne, ciwo ne, kuma da ruwa kaɗai ake riƙe shi. Shekara uku yana jiƙa Najma kafin aiki da bayan aiki. Ya ce, "Da asuba da bayan kun tafi ban fasa ba, Malama. Tsakanin nan ne ba ni da iko."

Washegari na je gidan Ummu Faisal. Ban jira an tambaye ni ba, na ce ni ce. An gaya mini na ƙi ji, yarinya ta kawo ruwa na kore ta. Matar ba ta ɗaga murya ba, idonta ya kumbura. Ta ce, "Halas, Abla. Halas." Wato shi ke nan, an gama. Maigidan ya riga ya sa an mayar da hulunan kwano cikin kwali. Na ce to maganar Samira fa, ita ba ta yi laifi ba, ita ce ma ta yi daidai. Ta ce shi ne mai sa hannu, kuma ya ce kada mace ta sake ambata masa doki a gidan nan. Na roƙa har na durƙusa, ni da ban saba ba. Ta tashe ni, ta sa aka kawo mini ruwa, ta shige ciki.

Kwana tara na ƙara kafin a gama mini takardun fita. Inna Gambo ta kai ni Makka na yi umra, na yi kuka a can iya kukana. Ba ta taɓa ce mini don me ba. Tana dai yawan tsayawa da ludayi a hannu ta ƙura wa bango ido. Samira kuwa ta koma yadda na same ta, ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta zauna a bakin taga. In na shigo ta gaishe ni, in na fita ta ce a dawo lafiya.

Ranar tafiyata da hantsi, ina ɗaure jaka, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Na ga alama ta daɗe tana shirya maganar, don da Hausa zalla ta yi ta, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Khala, da na zuba ruwan, da ta rayu?"

Na ce, "Samira, kwana ne ya ƙare. Komai da lokacinsa."

Ta girgiza kai. "Na sani. Ba shi na tambaya ba."

Na zauna a kan jakar. Na ce, "Likita ya ce da an zuba a lokacin, da wataƙila ta tashi. Ke kika yi daidai. Ni na hana ki."

Ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Na san daidai ne. Ina gani, ina sani. Amma kin yi mini magana kamar Ummata. Tun da aka tafi da ita ba wanda ya yi mini faɗa haka." Ta dube ni. "Shi ya sa na ajiye."

Ta ɗauki ƙaramar jakata ta sauka da ita har bakin titi, iyakar inda take iya zuwa.

To kun ji yadda Jidda take. Ragamar Baba na baro ta a bargar, ban nema ba. Duk ƙarshen wata nakan sayi kati in kira Inna Gambo, in ce a ba ni Samira. Da farko takan ce tana wanka, ko tana salla. Wancan watan ta gaya mini gaskiya: an samo wa yarinyar aikin goge-goge a wani gida a unguwar Ruwais, can take kwana, ba ta dawowa sai Juma'a. Na tambaya ko tana maganar dawaki. Inna ta ce a'a, ba ta maganar komai, amma masu gidan suna yabonta ƙwarai, wai duk abin da aka ce ta ajiye, ajiyewa take.